Legiyo da Runduna: Daga Gayyar Rum Zuwa Gayyar Haɗeja

A shekara ta 9 Miladiyya ƙabilun Jamus suka yi wa sojojin Rum kwanton ɓauna a dajin Tutobag, suka hallaka legiyo uku tare da kwamandansu Barus. Idan malamin tarihi a wata sakandare ta Haɗeja ko Malam Madori zai ba ɗalibansa wannan labari da Hausa, abin da zai fara zo masa a baki shi ne "runduna uku". Bai yi ƙarya ba, sai dai ɗalibin da ya saurare shi zai fita daga aji bai san ko mutum ɗari uku aka kashe ko dubu talatin ba, domin runduna a bakinmu ba ta da awo. Sojan Najeriya gaba ɗayansu runduna ce, 'yan sandan Jihar Jigawa runduna ce, 'yan sintiri ashirin da suka fito da gora da tocila su ma mai ba da labari zai iya kiransu runduna. Legiyo kuwa a wancan zamani tana da awo sananne, mutum dubu biyar ne ko sama da haka kaɗan. Abin da Rum ta rasa a dajin nan ya kai mutum dubu goma sha biyar, ban da mataimakan da ke tare da su.

Amma kalmar ba da awo ta fara ba. Sai an bi ta daki-daki kafin a ga yadda ta same shi, kuma tarihin Haɗeja na taimakawa ƙwarai wajen ganin haka, don ƙasar nan ta san irin rundunar da Rum ta fara da ita, ta kuma ga irin wadda ta ƙare da ita.

A Latin, harshen mutanen Rum, legiyo ta fito ne daga wani aikatau mai nufin tsinta ko zaɓa ko tattarawa. Ma'anarta ta farko ita ce mutanen da aka tara don yaƙi, wato abin da Bahaushe zai kira gayya. A farkon zamanin birnin, legiyo ɗaya ce tak, ita ce duk mazan garin da aka kira suka amsa. Da Rumawa suka kori sarauta suka koma zaɓen shugabanni biyu duk shekara, sai aka raba gayyar, har al'ada ta zauna a kan legiyo huɗu, kowane shugaba da biyu. Wani marubuci Bagirke mai suna Polibiyus, wanda ya zauna a Rum a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya bayyana yadda ake zaɓen. Za a tara maza 'yan shekara 17 zuwa 46, a riƙa fito da su huɗu-huɗu masu kama da juna a shekaru da ƙirar jiki. Hafsoshin legiyo ta farko su ɗauki ɗaya, na ta biyu su ɗauki ɗaya, haka har na ta huɗu. In an fito da wasu huɗun, sai ta biyu ta fara zaɓa. Da wannan juyi babu legiyon da za ta kwashe ƙarfafa ta bar wa 'yar'uwarta raunana. Kowace takan tashi da dakaru 4,200 da mahaya 300, in lamari ya yi tsanani a ƙara dakarun su kai 5,000.

Waɗannan mutane manoma ne. Sai mai ɗan abin hannu ake ɗauka, domin kowa shi zai sayi makaminsa. Ana jera su sahu uku bisa shekaru, samari a gaba, magidanta masu jini a jika a tsakiya, gogaggun dattawa a baya, waɗanda ba a taɓa su sai abu ya ɓaci. Yaƙin ma na da lokacinsa. Ana fita a watan Maris, wanda sunansa ma daga gunkinsu na yaƙi aka samo shi, a dawo wajajen Oktoba, a sallami kowa ya koma gonarsa. Baɗi kuma a sake sabuwar gayya.

Wanda ya ji labarin yaƙe-yaƙen Haɗeja daga bakin dattawa zai gane wannan tsari nan take. Tun daga lokacin da Sarki Sambo ya kafa mulkinsa a birnin wajajen 1808, idan sarki ya ƙudurta yaƙi sai ya aika wa hakimai, su kuma su aika wa dagatai. Kowane basarake ya taho da nasa: 'ya'yansa, barorinsa, bayinsa, da talakawan ƙasarsa, kowa da guzurinsa a burgame. A haɗu a sansani, a kewaye shi da shingen ƙaya, a jira sauran. Lokacin fita ma ƙasa ce ke yanke shi. Kogin Haɗeja, wanda ruwan Kano da na Challawa suke haɗuwa su haifa, yakan cika ya malala cikin fadamu a watannin Agusta da Satumba, ya bazu har wajen Nguru da Gashuwa. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar ta fi ta yanzu faɗi nesa ba kusa ba. Doki ba ya ratsa laka da mahayi a bayansa, manomi kuma ba ya barin gero a gona ya bi sarki. Saboda haka sai bayan kaka, ruwa ya janye, hatsi ya shiga rumbu, sannan a buga tambari. Rum tana yaƙi da bazararta, mu da raninmu, amma dalilin ɗaya ne, mayaƙin shi ne manomin.

Kada kuma a ɗauka gayyar nan tarkace ce marar tsari. Tsarinta a kan makami da sarauta yake. Cikin mahaya akwai barade, masu saurin kai hari da dawowa, akwai 'yan sulke, akwai 'yan lifidi. Cikin dakaru akwai 'yan baka masu kibiya mai dafi, da masu mashi, da masu takobi da garkuwa, daga baya kuma 'yan bindiga. Kowane rukuni na da shugabansa, shi ya sa har yau muke da sarautu irin su Madaki da Barde da Sarkin Yaƙi da Sarkin Baka da Sarkin Dawaki a masarautun ƙasar Hausa. In an fita, wasu rukunonin na gaba, sarki na cikin uwar yaƙi da tutarsa. Ganima ma da ƙa'idarta, a fitar da humusi tukuna, sannan a hukuncin Malikiyya mahayi ya ɗauki kaso uku, biyu na dokinsa ɗaya nasa, mai ƙasa ya ɗauki ɗaya.

Duk wanda ya tsaya kusa da ɗan lifidi ranar hawan salla ya ga ragowar wannan tsari da idonsa. Lifidi auduga ce ko rimi da aka cusa tsakanin ƙyalle biyu aka ɗinke layi-layi, har ya yi kaurin katifa. A rufe dokin da shi daga wuya zuwa gindi, ya sauko kusan gwiwa, a bar masa ido da hanci. Mahayin shi ma a naɗe shi da nasa, a ɗora masa kwalkwali mai gashin jimina. Ba ya iya hawa shi kaɗai, sai an tallafa masa, kuma in ya faɗi tashi sai da taimako. Dokin na tafiya ne da nauyi, gumi na tsattsafowa ta ƙarƙashin ɗinkin. An yi wannan kaya ne don kibiya ta cake a audugar ta tsaya, kuma aikin masu shi su zama bango a gaban sarki ko su fasa sahun 'yan baka. Mutum ɗaya irin wannan na bukatar doki mai ƙarfi, da mai kula da dokin, da mai ɗauko kayan. Talaka ba ya iya wannan, daga taskar sarki ko ta babban hakimi yake fitowa.

Abin da gayya ba ta da shi shi ne ƙidaya tsayayya. Ba a cewa kowane hakimi mutum ɗari biyar zai kawo, ba ƙari ba ragi. Mai ƙasa babba ya kawo da yawa, mai ƙarama ya kawo kaɗan, wanda ransa bai so tafiyar ba ya kawo rabin abin da zai iya. Mayaƙi kuma ubangidansa ya sani, shi yake bi, in ubangidan ya juya shi ma ya juya. An ga ƙarfin wannan da rauninsa a zamanin Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya hau a 1848, Sakkwato ta tuɓe shi a 1850, ya dawo da ƙarfin tsiya a 1851. A 1853 aka haɗo masa gayya daga masarautu da dama, Kano na kan gaba, aka yi gamo a Kafur kusa da birnin Haɗeja. Masu gayyar sun fi yawa, amma kowace ƙungiya da shugabanta da tunaninta, Buhari kuwa mutanensa baki ɗaya ne, kuma fadamun ƙasarsu ne. Aka watsa taron. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu iya magana, amma a Kafur yawan bai samu mai haɗa masa kai ba.

To, ta yaya legiyo ta tashi daga gayya ta zama abin da ake ƙirgawa? Nisan yaƙi ne ya jawo. Da Rum ta fara yaƙi a Sifen da Girka da Arewacin Afirka, sojan da aka ɗauka a Maris ba ya iya dawowa a Oktoba. Wani sai ya shekara shida bai ga gonarsa ba, ya dawo ya tarar bashi ya cinye ta. Masu abin hannu suka fara gudun gayya. A shekara ta 107 kafin Miladiyya wani janar mai suna Mariyus ya buɗe ƙofa ga marasa komai, ya ɗauke su a matsayin 'yan sa kai. Sannu a hankali aikin soja ya zama sana'a, hukuma ke ba da makami, kuma da yake kowa makami iri ɗaya yake riƙewa, rabon sahu bisa shekaru da dukiya ya faɗi. Sarki Agustas, wanda watan Agusta ya ci sunansa, shi ya kammala aikin. Ya tsayar da legiyo 28 na dindindin, da albashi, da wa'adi, da sallama.

A nan ya kamata a tsaya a ƙirga, daga ƙasa zuwa sama, domin wannan shi ne abin da kalmar ta fi shahara da shi.

Mataki na farko mutum takwas ne masu kwana a tanti ɗaya na fata. Suna da alfadari ɗaya da ke ɗaukar tantin da ɗan dutsen niƙa. Ba a dafa musu abinci a babbar tukunya. Alkama ake auna musu tsaba, su niƙa da hannunsu, su toya gurasa ko su dama fate a murhunsu. In an yi tafiyar yini aka sauka, ba mai zama sai an haƙa gwalalo kewaye da sansanin, an tara ƙasar ta zama 'yar ganuwa, an kafa tsinannun sanduna a kanta, ko da kwana ɗaya za a yi. Mutum takwas ɗin nan tare suke haƙa, tare suke ci, tare suke tsayawa a sahu, shekara da shekaru.

Tanti goma su ne santuriya ɗaya, mutum tamanin ke nan. Nan ne masu karatu da yawa ke tuntuɓe, domin sunan daga kalmar ɗari ya fito, kuma mai riƙe da ita, santuriyo, akan fassara shi da "shugaban ɗari". Sunan ya tsaya a ɗari, adadin kuwa tamanin ne a zamanin sarakunan. Santuriyo yana riƙe da sandar itacen inabi, alamar muƙaminsa, da ita yake horo, kuma da yawansu daga cikin kurata suka taso. Shi ne ƙashin bayan legiyo, shi ya san kowane mutum da sunansa.

Santuriya shida su ne kohot ɗaya, mutum 480. Kohot goma su ne legiyo. Lissafin kai tsaye zai ba da 4,800, amma daga ƙarshen ƙarni na 1 Miladiyya an faɗaɗa kohot ta farko ta zama santuriya biyar masu ninki biyu, mutum 800. In aka haɗa da sauran tara, 4,320, an samu 5,120, sannan a ƙara mahaya 120 masu kai saƙo da leƙen hanya. Wannan shi ne adadin takarda. A fili kuwa ciwo da mutuwa da aike-aike kan rage shi, kamar yadda yake a kowace rundunar duniya. A saman duka akwai kwamanda daga gidajen manya, da hafsoshi shida, da wani tsohon hannu mai kula da sansani.

A lura da ƙarancin dawakin. Legiyo rundunar ƙasa ce, kuma ta 'yan ƙasar Rum kaɗai. Mahaya da maharba daga ƙabilun da aka ci da yaƙi ake ɗaukarsu, a ƙungiyoyi dabam da ba a kiransu legiyo, kuma cikin mahayan da suka fi suna akwai na Numidiya, a Aljeriya ta yau. Ladan irin waɗannan mataimaka bayan shekara 25 shi ne a ba su takardar zama 'yan ƙasa. Wannan babban bambanci ne da namu tsarin, inda doki shi ne daraja, dakare kuma yana bayansa. Wanda ya ji "rundunar Rum" ya hango ƙurar dawaki da algaita ya hango abin da ba shi ba ne. Abin da zai gani shi ne dogon layin mutane a ƙasa, kowa da doguwar garkuwa, da mashin jifa, da gajeren takobi, da kayansa rataye a sanda a kafaɗa.

Bayan ƙidaya sai suna. Kowace legiyo na da lamba da laƙabi, da mikiya ta azurfa ko zinariya a kan sanda, wadda rasa ta abin kunya ne da ba ya wankuwa. Wannan ne ya sa legiyo ta zama abin da ke rayuwa bayan mutanenta sun mutu. Gayya takan watse idan an dawo gida, legiyo kuwa wata ta shekara ɗari uku da lambarta, kurata na shiga, tsofaffi na fita. Waɗanda aka hallaka a dajin Jamus su ne ta 17 da ta 18 da ta 19, kuma Rum ba ta sake ba wata legiyo waɗannan lambobi ba. Albashin soja a zamanin Agustas dinari 225 ne a shekara, dinarin azurfa, ana cire kuɗin abinci da tufafi a ciki. Wa'adin ya fara da shekara 16, ya koma 20, ya zauna a 25. Wanda ya kammala ana ba shi fili ko dinari 3,000, kuma a shekara ta 6 Miladiyya Agustas ya buɗe baitulmali na musamman don biyan wannan sallama. Ina ganin wannan shi ne mafi hikimar abin da ya yi. Kafin shi, janar ne ke nema wa sojansa fili, don haka soja janar yake bi ko da a kan birnin Rum ne za a juya makami.

Duk da haka matsalar ba ta mutu ba, kuma a nan ma Haɗeja na da abin faɗa. Ko a tsarin gayya, sarki mai yawan yaƙi ba ya rasa wasu da ke tare da shi rani da damina, yawancinsu bayin sarki, masu riƙe da dawakinsa da makamansa. Buhari ya dogara da irin waɗannan ƙwarai, ya ɗaukaka su. Da ya gamu da ajalinsa a yaƙin Gogaram ta ƙasar Bade a 1863, manyan bayin nan, irin su Sarkin Arewa Tatagana, suna da babbar murya a kan wanda zai gaje shi. Ɗansa Umaru ya hau, bai wuce shekara biyu ba aka kawar da shi, Haruna ya hau a 1865. A Rum kuwa, a shekara ta 69 kaɗai an yi sarakuna huɗu, kusan kowanne sojoji ne suka ɗora shi ko suka kayar da shi. Duk inda makami ya zauna a hannun mutane ɗaya dindindin, sai sun sa baki a sarauta. Ɗan Najeriyar da ya san juyin mulkin 1966 da abin da ya biyo baya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Legiyo ba ta tsallako Sahara ba, amma ta zo bakinta. Ta uku mai laƙabin Agusta ita ke tsaron Arewacin Afirka, ta zauna a Haidra ta Tunisiya, ta koma Tebessa, ta ƙare a Lambesis kusa da Batna a Aljeriya, inda Sarki Hadriyan ya zo ya duba atisayenta a shekara ta 128. Wajajen shekara ta 201 mutanenta suka gina sansani a Bu Najem cikin Libiya, a kan hanyar Fezzan, kuma sun ajiye 'yan tsaro a Gadamus, garin da fatakensa suka zo suka zauna a Kano ƙarnuka da yawa bayan haka. Sunan ya kuma maƙale a ƙasa a wasu wurare. Birnin Leyon na Sifen daga sansanin legiyo ta bakwai ya samo sunansa, haka ƙauyen Lajjun na Falasɗinu, wanda aka tashi mutanensa a 1948, daga sansanin ta shida.

Daga ƙarshen ƙarni na 3, zamanin sarakunan Rum Diyokiletiyan da Kustantin, aka yawaita legiyo aka kuma ƙanƙanta su, har wasu ba su wuce mutum dubu ba. Saboda haka ko a tarihin Rum kansa sai an tambayi zamani kafin a faɗi adadi. Akwai kuma wani ruɗani da ya shafe mu musamman. Rumawan da Bahaushe ya fi sani su ne na Suratur Rum, mutanen Hiraƙlu, waɗanda Musulmi suka gamu da su a Mu'uta a 629 da Yarmuk a 636. Waɗannan Rumawan gabas ne, masu mulki daga Kustantiniyya, Girkanci suka fi ji, kuma dawaki sun riga sun zama ƙarfin sojansu. Legiyo mai kohot goma ta daɗe da shuɗewa a lokacin. Mai wa'azi ko malamin tarihi da ya ɗora hoton sojan Agustas a kan filin Yarmuk ya haɗa zamani biyu da ke da ratar shekara ɗari shida.

Rundunar ƙidaya ta iso ƙasar nan ne ta hannun Ingila. A 1863, shekarar da Buhari ya rasu, wani hafsan ruwa mai suna Gulofa ya tara Hausawa 18 a Legas ya ba su bindiga da albashi, kuma daga nan sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma, mai bataliya da kamfani, da lamba ga kowane soja. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Haɗeja ta jinkirta, Turawa suka kafa bariki a wajen gari ƙarƙashin kyaftin ɗin da mutane suka laƙaba wa Mai Tumbi, zama ya ƙi daɗi. Ranar 25 ga Afrilu 1906 sojojin da aka turo daga Kano, waɗanda ba su kai dubu ba, suka shiga birnin da igwa da bindiga mai ruwa. Sarki Muhammadu da mutanensa suka tare su da doki da takobi, aka yi ta fafatawa cikin gari sa'o'i da dama, har aka kashe shi tare da manyan fadawansa da 'ya'yansa. Shi ne Mai Shahada. Babu mai hankalin da zai ce jarumta ce ta gaza ranar. Makami ne ya raba, lifidin da aka yi don kibiya ba ya tare harsashi. Sai dai makamin ma ba ya aiki shi kaɗai, yana bukatar mutanen da aka yi wa horo kullum har suka saba tsayawa a layi su yi harbi da umarni ɗaya alhali dawaki na tahowa a guje. Abin da ya fi ciwo shi ne da yawa daga masu riƙe da bindigogin da Hausa ake ba su umarnin.

Daga wannan bariki ne harshenmu ya samu soja da kurtu da kofur da saje da samanja da laftana da kyaftin da manjo da kanar, da fareti da bataliya. Kuma da su ne za mu iya auna legiyo a yau. Ƙaramin rukunin soja na zamani mutum takwas zuwa goma ne, daidai da 'yan tanti ɗaya. Kamfani, mai mutum ɗari ko sama da haka, shi ne ya fi kusa da santuriya. Bataliya, mai ɗari biyar zuwa ɗari takwas, ita ce kohot, kamar wadda ke Nguru a ƙarshen fadamun nan. Bataliya uku ko huɗu su ne birged, kamar ta uku da ke Kano, kuma babbar birged ita ce ta fi kusa da legiyo a yawa. Dibishan, irin ta ɗaya a Kaduna ko ta bakwai a Maiduguri, ta fi legiyo girma. Al'adar riƙe lamba ma tana nan. Dibishan ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu sun gaji lambobinsu ne daga waɗanda suka je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, inda 'yan Arewa da yawa suka yi yaƙi.

Saboda haka shawarata ga mai fassara da mai koyarwa ita ce su bar kalmar yadda take, su ce legiyo, kamar yadda muka karɓi bataliya ba mu ji kunya ba, sannan su faɗi adadin sau ɗaya a farko. In ana maganar Rum ta farko, a bayyana ta da gayya. In zamanin sarakuna ne, a ce runduna ce ta dindindin mai kimanin mutum dubu biyar, kusan birged. Runduna kuma a bar ta da faɗinta, don muna bukatar kalmar da za ta ɗauki babba da ƙarami, amma mai rubuta labarai ya daure ya gaya mana ko kamfani aka tura ko bataliya, domin ga mutanen ƙauyen da ke jiran tsaro bambancin mutum ɗari da ɗari bakwai ba ƙarami ba ne.

A harsunan Turai kalmar ta ci gaba da yaɗo bayan Rum. Ta zama hanyar cewa abu na da yawa ƙwarai, ba tare da ƙidaya ba. Faransa ta sa ta a sunan rundunar baƙi da ta kafa a 1831, wadda ta fara aiki a Aljeriya. Bayan yaƙin duniya na farko kuma aka fara kiran ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da ita, Ingila ta kafa tata a 1921, Najeriya ta kafa Nigerian Legion da doka a 1964. Ita ce ƙungiyar 'yan mazan jiya, waɗanda ake gani da kakinsu da lambobin yabo ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, wadda ta dace da ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A wannan amfani babu kohot babu santuriya. Mutane ne da suka gama wa'adinsu, wasunsu suna gadi a ƙofar ofisoshi da makarantu, kuma babban aikin ƙungiyar shi ne bin haƙƙinsu na fansho da kula da mata da 'ya'yan waɗanda ba su dawo ba.